Zanen Kawu Abdu da Na Rufe Rumbu da Su

Ku da kuka san Kawu Abdu, wa ya taɓa ganin aljihunsa ba ƙasa a ciki? Mutane na zuba goro a aljihu, shi ƙasa yake zubawa: ja daga Illela, fara daga Malbaza. In ya dawo gida ya niƙa, ya dama da ƙaro, ya shafa a kan farin yadin akoko. Ya ce fentin kanti tsada ne da ƙarya.

Ƙanin mahaifiyata ne. Tun kafin a samu 'yancin kai ya koyi zane, ya yi shekaru yana koyar da shi a lakwal, wato makarantar boko, a Konni. Sai dai zanensa ba mutum, ba doki, ba ko bishiya, launuka ne kawai da layuka. Burinsa ɗaya: a kai su Yamai, babban birni, a rataye inda masu ido za su gani. Mu dangi kuwa dariya muka saka masa da ita.

Wata rana muna cikin mota za mu kasuwar Illela, ya buga ƙofa. “Tsaya! Tsaya!” Direba ya taka birki, kowa ya ɗauka fitsari ne ya matse dattijo. Sai ga shi ya dawo da hula cike da ƙasa.

Direba ya ce, “Haba Malam! Ƙasa ta ƙare Konni?”

“Ta Konni ta gaji, kun tattake ta.”

Akwai wani Alhaji mai motocin kaya da ya sa shi ya zana masa sabuwar motarsa. Bayan wata guda Kawu ya kai masa shuɗi da wani dogon layi ja. Alhaji ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

“Malam Abdu, ina motar?”

“Ta wuce, Alhaji. Wanga abin da ta bari ne.”

Har limamin unguwa sai da ya zo yi masa nasiha, don ya ji ana cewa yana zana masu rai. Kawu ya baje masa zanen a tsakar gida, ya ce ya nuna mai rai guda. Liman ya duba, ya sake dubawa.

“To, zunubi dai babu. Amma amfanin ma ban gane shi ba.”

“Alhamdulillahi, mun yi rabi,” in ji Kawu.

Da ciwo ya kwantar da shi, ni ya kira daga Tajaye inda nake noma. Bai bar ɗa ba. Ya nuna mini zanen a naɗe a kusurwar ɗaki.

“Issufu, kai za ka kai su Yamai.”

“Kawu, don mi ni?”

“Dariyarka ta hi ta sauran ƙanƙanta.”

Na yi alkawari. Bayan rasuwarsa na kwaso su na kai gida, na ce sai an gama girbi. Girbi ya wuce na ce sai an sayar da wake. Haka na yi ta ja har shekara uku, kuma gaskiyar magana kunya nake ji in shiga buro, wato ofis, da su a tambaye ni mene ne wannan.

A damina ta uku, wata la'asar, iska ta ɗauke jinkar rumbuna, ga hadari ya haɗo, ga geron da zai kai mu kaka a buɗe. Ba ni da tamfol. Na ruga ɗaki na kwaso zanen, na shimfiɗa su bisa juna a bakin rumbu, na danne da duwatsu. Ba wanda ya sa ni. Na kuma san da abin da aka yi su, don na sha taya shi niƙa.

Da ruwa ya tsagaita na hau na sauke su. Gero ya jiƙe kaɗan daga sama, sauran lafiya lau. Akoko kuwa ya koma kusan yadda aka sayo shi, aikin shekara talatin duk ya gangaro jikin rumbu. Matata ta tsaya tana kallon bangon, ta ce, “Kai, ashe abin ga da kyau yake!” Ni ma a ranar na fara tsayawa na kalla, kuma na kasa yin dariya.

Mun ci geron nan har kaka, amma ni ban taɓa jin daɗin tuwonsa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Abdu, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Ni kuma Allah ya sanya masa a zuciya ya yafe mini ranar da za mu gamu.