Ranar da Matuƙan Jirgi Suka Shiga Gonar Shinkafa

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ranar da na kai matuƙan jirgin sama Katuzu ba za ta fita daga kaina ba.

Lokacin ina jan wata tsohuwar a-kori-kura tsakanin Nguru da Gashuwa. Bokona bai wuce aji biyu ba, shi ma korata aka yi. Wata safiya da damina mutum biyu suka ɗauki shatar motata a tashar Nguru, ɗaya dogo, ɗaya mai sanƙo. Tsofaffin sojojin sama ne da suka ajiye kaki suka koma tuƙa jiragen fasinja. Su uku ne tun suna tashi da jiragen yaƙi, amma na ukun hawan jini ya kayar da shi a gwajin likita. Kunya ta sa ya kashe waya, ya koma gida Katuzu noman shinkafa. An ba shi damar ƙarshe ta sake gwajin jibi. In bai je ba, shi da jirgi sai kallo.

Maimakon su shiga, sai suka hau zagaya motar, kamar yadda suke wa jirgi. Dogon yana kira, mai sanƙo yana amsawa.

"Tayoyi?"

"Sun fi kaina santsi."

"Birki? Baba direba, birki fa?"

Na ce, "Yana zuwa, in an taka sau uku."

"Madubi?"

"Yana gida, uwargida na kwalliya da shi."

Dogon ya girgiza kai. "A wurinmu wannan ba ta tashi."

Na ce, "Yallaɓai, ai ita ma ba ta ce za ta tashi ba."

Muka tarar da mutumin a fadama, caɓi har gwiwa. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ku koma. Ni na gama da sama."

Dogon ya ce, "Tun muna bariki, ka taɓa ganin mun fita mu uku mun dawo mu biyu?"

Ya ci gaba da cire ciyawarsa.

Dogon ya ce, "Shi ke nan. Daga yau mu ma manoma ne."

Suka tuɓe takalma, suka naɗe wando, suka faɗa gonar wai za su taya shi cire ciyawa. Jama'a, mutanen da ke gane gari daga cikin gajimare, ashe ba su san bambancin shinkafa da ciyawa ba! Dogon ya ce, "Ciyawa?" mai sanƙo ya tumɓuke shinkafa ya ce, "An cire!" Ni kuma, Allah ya yafe mini, ina bakin gona ina nuna musu inda shinkafar ta fi kyau: "Yallaɓai, ga wata can ta yi yawa!"

Da mai sanƙo ya taka kunyar da ke tare ruwa ta ɓalle, mai gona ya ɗora hannu a ka.

"Ku fito! Wallahi zan je! Ku bar mini ko na tuwo!"

A bayan mota suka sa shi tsakiya, kowa ya riƙe masa hannu ɗaya har Gashuwa. Ya sha magani, ya ci gwajin. Bayan wata biyu aka kawo mini saƙo tasha: sabon madubi.

Ni da motata ta taɓa lalacewa ta kwana biyu a hanyar Jakusko, abokaina direbobi suna wucewa suna mini hon da "Allah ya kiyaye," ranar Katuzu na gane wani abu. Wanda ya tsaya bakin hanya yana maka addu'a, ka gode masa. Amma abokinka shi ne wanda zai shigo caɓin da kake ciki, ya ƙi fita sai da kai, ko da shinkafarka za ta tafi.