Man Dawowa Daga Mars

Kumbona na farko bai ko ɗaga daga ƙasa ba. Na danna wurin tashi, wuta ta fito ta ƙarƙashinsa, wayar ta yi ta rawa a hannuna, shi kuwa yana tsaye kamar rumbun da aka cika da gero. Can ya karkace a hankali, ya faɗi, ya fashe. Na sake ginawa, na ƙara masa tankin mai, domin a ganina ƙarancin mai ne ya hana shi tashi. Wannan karon ko karkacewar bai tsaya yi ba.

Ɗiyar kawuna ce ta saka mini wasan a waya. Tana jami'a a Maraɗi, ta zo Madarunfa ganin gida, ta iske ni a ɗaki da rana tsaka na saki labule. Ta san tun muna makarantar lise ni ce mai son darasin taurari da duniyoyi, ko da yake ban kai ƙarshen karatun ba. Ta ce, "Ga abin da za ki riƙa yi maimakon kallon bango. Za ki haɗa kumbo da kanki, ki kai shi Mars, ki dawo da shi. Ni ko duniyar wata ban taɓa kaiwa ba." Ta nuna mini inda ake jera injin da tankuna, da ɗan mutumin da ke zaune a ƙoƙon sama cikin farar riga. Rubutun wasan duk Turancin Ingilishi ne, mu kuwa Faransanci muka yi, saboda haka da lalube na koyi komai.

Abin da ya zaunar da ni a ɗaki ya faru ne a ƙarshen damina. Na je Gabi wurin yayata da ke aure can, ina dawowa cikin motar haya sai mai ya ƙare mana a tsakiyar daji, bayan la'asar. Direban ya ɗauki jarka ya kama hanya da ƙafa, mu muka zauna gindin wata bishiya muna jira. Sai muka ji ƙarar babura da yawa tare. Babu wanda ya ce a gudu, kowa dai ya tashi. Na faɗa cikin gonar dawa na kwanta rub da ciki, kusa da wata mata da ta toshe bakin ɗanta da gyale. Tururuwa na cizona a wuya ban iya motsi ba. Na ji harbi daga nesa, na ji kukan shanu ana kora su. Ɓarayin shanun ba su gan mu ba. Da direban ya dawo muka fito ɗaya bayan ɗaya, na shiga mota da takalmi ƙafa guda.

Abin da ya faru ke nan duka. Kowa ya zo jaje sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ai babu abin da ya same ki." Gaskiya ne. Amma tun daga ranar, ko babur ɗin ɗan kabu-kabu ne ya wuce bayan gidanmu sai in tashi in saki labule. Bakin tabki ma da nake zuwa sayen kifi na daina zuwa.

Yayata kuwa tana da tsohon ciki. Haihuwar fari ta zo gida ta yi, wannan ta biyu a ɗakinta za ta yi, kuma ni ya kamata in je in riƙe mata gida har ta gama wanka: in dafa ruwa, in dama kunun kanwa, in kula da babbar ɗiyarta. Inna ba ta iya wannan aikin, gwiwoyinta sun hana ta ko tsugunno gaban murhu. Mu biyu ne mata a ɗakinmu, babu wata da za a aika. Tun da hanya ta lalace kuma, mutanenmu ba sa bin ta sai ranar kasuwar Gabi, da safe, motoci a jere. Wanda ya rasa wannan safiya sai wata kasuwar.

Inna ta fara daka yajin jego, ni ina ɗaki ina fasa kumbuna.

Na daɗe kafin in gane cewa man da nake ƙarawa shi ne nauyin da ke danne kumbon. Kowane tanki yana buƙatar man da zai ɗauke shi, wannan man kuma yana buƙatar nasa. Na gane da kaina, amma hannuna bai yarda ba. Sai in cire tanki biyu, in duba ɗan mutumin nan mai farar riga, in mayar da ɗaya. Har na haɗa wani mai kama da hasumiya, ya tashi da ƙyar, ya yi ta lilo a sama, ya karye ta tsakiya.

Ranar da na shiga kewayen duniya, na ga ƙasa shuɗiya tana juyawa ƙarƙashina, na ɗauka aiki ya ƙare. Na juya hancin kumbon wajen jan ɗigon da ke taswira, na buɗe wuta. Na isa inda Mars take, na tarar ta daɗe da barin wurin. Ashe ba inda take ake nufa ba, inda za ta kasance ake nufa, kuma ba kowace rana ake tashi ba. Sai ta sha gaban duniyarmu da wata ƴar tazara, daga nan layin tafiyarka zai haɗu da nata. In ka kuskure lokacin, sai ka jira shekara biyu da wani abu. A wasan akwai madannin da ke gaggauta lokaci, shekarun su wuce kafin ka sha ruwa. Na yi ta danna shi da haushi, ina wuce lokacin, ina sake jira.

"Auta," in ji Inna daga tsakar gida, "yayarki ta kira. Ta ce ƙafafunta sun kumbura."

"Na ji, Inna."

"Kin ji. Ni ma na ji. Jin namu zai ɗebo mata ruwa?"

Na ci gaba da danna waya. Ta leƙo ta ga abin da nake yi. "Wannan kuma ina za shi?"

"Wata duniya."

"To. Ke da Gabi ta gagare ki."

Ba da mugunta ta faɗa ba, har da ɗan murmushinta. Amma na kife wayar na yi kuka, ita kuma ta koma wurin turminta tana daka da ƙarfi fiye da yadda yaji ke buƙata.

Kasuwa ta zagayo. Na yi wanka, na ɗaura kaya, na tafi tasha. Direban ɗan unguwarmu ne, abokin marigayi babana, ba wancan na ranar ba. Na zauna bayansa ina leƙen allurar mai. Tana kwance can ƙasa.

"Baba, babu mai a motar nan."

"Akwai, ɗiyata. Allurar ce ta mutu tun kina goye."

"To yaya ake sani?"

"Ni nake zubawa, ni nake sani."

Muka tashi. Mun kai daidai gidajen ƙarshe na gari, wani babur ya wuce mu da gudu. Ban san lokacin da na ce a tsaya ba. Na sauka na tsaya bakin hanya riƙe da ƙullin kayana. Baba ya jira ni har fasinja suka fara magana, sannan ya ja motarsa. Na dawo gida da ƙafa. Inna ta dube ni, ta dubi kayan, ta karɓi ƙullin yajin ta rataye a inda yake. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A kwanakin da suka biyo baya na yi wasan kamar mai ramuwa. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke sai in aika wayar wurin mai caji, in zauna ina ƙirga tankuna a ka. Na iya tashi, na iya jiran lokaci, na iya buɗe wuta har layina ya taɓa layin Mars. Daga nan abin da ya rage shi ne a kashe injin a bar kumbon ya yi ta tafiya watanni cikin duhu. Nan ne nake lalacewa. Sai in ga kamar layin ya ɗan goce, in kunna wuta kaɗan in gyara. Gyaran ya zarce, in juya in sake gyarawa. Kafin in isa, man da zan taka birki da shi ya tafi wajen gyare-gyare. Sai in ga Mars ta taso ja wur, ta cika fuskar waya, ta wuce ta gefena, ɗan mutumina ya ci gaba da tafiya inda babu komai. Sau nawa haka ta faru, na daina lissafi.

Na kira ɗiyar kawuna ina masifa. Na ce wasan banza ne, an yi shi don ya ɓata wa mutane rai.

Ta ce, "Goge shi mana."

Na ce ba zan goge ba.

"To ki bar shi ya tafi in kin kashe injin. Ki ajiye wayar ki je ki yi shara."

Haka na yi, don haushi ba don na yarda ba. Na saita layi, na kashe injin, na gaggauta lokaci, na cusa wayar ƙarƙashin matashi na fita na share tsakar gida har inda ba ya buƙatar shara. Da na dawo kumbon na dab da Mars, tanki da sauran mai. Na juya shi, na taka birki, layin ya lanƙwashe ya rufe. Na shiga kewayenta. Sannan na duba awon mai: abin da ya rage ba zai fitar da shi daga can ba, balle ya kawo shi gida. Na kai mutum wata duniya na ajiye shi yana zagaye.

Ina cikin kallonsa mijin yayata ya kira Inna. An sauka lafiya, namiji. Wata maƙwabciya ce ke dafa mata ruwan wanka, ita ma da nata ƴaƴan da aikin gona. Inna ta yi hamdala, ta ajiye waya, ta ce gobe kasuwa, ita za ta tafi. Ta tashi za ta ɗauko ƙullin yaji, gwiwa ta riƙe ta, ta dafa bango ta tsaya tana numfashi.

Na ce, "Zauna, Inna. Ni zan je."

"Kin faɗa wancan karon."

"Na faɗa."

Da safe kafin in isa tasha na tsaya wurin masu sayar da mai a kwalba bakin hanya. Na sayi kwalba guda, na toshe bakinta da leda, na naɗe ta cikin zane, na tura tsakiyar kayana. Na san wauta ce. Amma da na ji nauyinta a cinyata sai numfashina ya ɗan daidaita.

Ba mu yi nisa ba wata tsohuwa da ke gefena ta fara shinshina. "Direba, motarka na yoyo."

"Ba ta yoyo, Hajiya."

"To wani ya sha mai ya shigo." Ta juyo ta dube ni, ta dubi ƙullina da ya jiƙe ta gefe. "Ke jikanyata, me kika goyo?"

Baba ya tsaya. Na kwance zanen gaban kowa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Wani mai buhun wake ya ce dama an ce ƴan lakwal masu boko ba sa tafiya sai da guzuri. Tsohuwar ta ce ita dai kada a ƙone ta kafin ta sayar da daddawarta. Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi kwalbar, ya zagaya ya juye abin da ya saura a tanki, ya miƙo mini ita babu komai.

"Yanzu kin san akwai," in ji shi. "Ke kika zuba."

Muka ci gaba. Da muka zo wurin bishiyar nan na gane ta tun daga nesa. An girbe dawar, gonar fili ce fetal, babu inda mutum zai ɓuya. Babura biyu suka taho ta gabanmu. Na runtse ido, na damƙe hannun tsohuwar ban ko nemi izini ba. Ta bar mini shi, tana ci gaba da ba wata labarin tsadar kalwa. Baburan suka wuce, masu kai kaji kasuwa ne. Ban saki hannun ba sai da muka shiga Gabi.

Yayata na kwance da jariri a gefenta. Ta gan ni ta yi dariya har ta riƙe ciki. Na kwance kaya na miƙa mata ƙullin yajin da Inna ta yi kwana da kwanaki tana dakawa. Ta buɗe, ta kai hanci, ta ɗago.

"Auta, wannan na mai jego ne ko na babur?"

Duk ya sha mai. Sai zubarwa muka yi, na nemi citta da kanumfari da barkono na sake dakawa a turmin maƙwabta, ina daka ina jin haushin kaina. Har yau ban gaya wa Inna ba.

Ina nan Gabi yanzu, ina hura wutar ruwan wanka safe da yamma. In babur ya wuce har yanzu nakan kasa kunne, sai dai ina ci gaba da abin da nake yi. Wani lokaci in jariri ya yi barci nakan buɗe wasan in duba mutumina. Yana nan yana zagaya Mars da ɗan guntun mansa. Na fara haɗa wani kumbon da zai je ɗauko shi, ya riga ya faɗi sau da yawa saboda na cika masa tankuna. Yaya ta tambaye ni jiya ko wace kasuwa zan koma gida in ta gama wanka. Na ce mata tukuna, ruwa na tafasa.