Danni Ɗaya, Buta Ɗaya

Irmiya mutumin Zonkwa ne. Ya zo Kano a 2002 da jakar sifana, ya samu aikin gyaran famfo a wani kamfanin jima a Challawa, ya kama ɗaki a gidan haya a Panshekara. Mutum ne mai fara'a, amma in kana son ganin fushinsa, bar famfo yana ɗiga.

A gidan, ranar Litinin kaɗai ruwa ke zuwa, a cika tanki. Kafin Alhamis tanki ya ƙafe, mata sun koma rijiyar bayan layi. Matarsa Godiya kuwa cikinta wata takwas. Ganin ta da bokiti a ka shi ya hana Irmiya sukuni.

Sai ya duƙufa. Ya canza robar kowane famfo, ya sa wa na kicin ƴar raga mai rage gudun ruwa, na tsakar gida kuma ya kawo irin wanda ake dannawa ya rufe kansa. Ya koma gefe yana jiran yabo.

Ina! Malam Labaran, dattijon gidan, ya zo cika butar alwala. Ya danna, ruwa ya tsaya a rabi. Ya sake dannawa, buta ta tumbatsa, ruwa na malala a ƙasa.

"Irmiya, famfon nan naka marowaci ne ko maɓarnaci?"

Kunya ta kama Irmiya. Da wanke hannu irin na kamfani ya auna famfon, ya manta a gidan nan da buta ake komai.

"Malam, ku ara mini butar," in ji shi.

Ranar Lahadi daga coci bai ko cire takalmi ba, ya yi ta kwancewa yana ɗaurewa, har danni ɗaya ya zama buta ɗaya cif. A makon nan tanki ya kai Asabar, a na gaba ya ga Litinin.

Godiya ta haihu wata Lahadi. Zaituna, matar Malam, ta fito da ƙatuwar tukunya don ruwan wankan jego, ta nufi rijiya.

"Mama, ku dawo, akwai ruwa!" in ji Irmiya.

Ya karɓi tukunyar ya ajiye a ƙarƙashin famfo. Mutumin da ɗigo ɗaya ke ɓata wa rai ya dafe famfon da babban yatsa, yana ta dariya don murna, bai ɗaga ba sai da ta cika fal.