Bijimin Malam Idi

Malam Idi ya shekara goma sha tara yana shanya fatu a wani kamfanin jima da ke Challawa. Mutumin wani ƙauye ne a fadamar Haɗejia, siriri, ba mai son hayaniya ba. Idan an tashi cin abincin rana yakan zauna a bencin Dabora, 'yar Kagoro mai sayar da shinkafa a bakin get, ya ce a zuba masa ban da nama. Ba rowa ba ce. Shi dai naman birni ɗanɗanon dusa yake masa a baki. Yana ci yana kallon hayaƙin injina, hankalinsa kuwa yana can inda shanun babansa ke kutsawa cikin ciyawar fadama, ruwa har gwiwa, balbelu na sauka a gadon bayansu.

Da baban ya rasu, rabon Idi ya faɗa kan wani maraƙi fari mai baƙin kunne. 'Yan'uwa suka ce ya bar shi a gida, ya ƙi. Ya sako shi a motar hatsi har Zawaciki, ya ɗaure a wani kango kusa da gidan da yake haya. Kullum ya idar da sallar asuba sai ya hau keke da lauje, ya bi bakin kogi can sama da kamfanoni, ya yanko ciyawa da raɓarta. Da rani ya koma ba shi harawa da karan dawa.

"Malam Idi, ku ɗura masa dusa mana, wata uku ya cika ido," in ji Musbahu, ɗan Maraɗi da suke aiki tare.

"Ai ba sauri nake ba," Idi ya ce.

Wani yammacin yakan jingina da katangar kangon yana sauraren bijimin na tuƙa, har ya manta a Kano yake. Matarsa Hafsat ta riƙa kwashe kashin tana zubawa a bayan ɗaki, ta shuka yakuwa, ta fito shar.

A shekara ta uku mai kangon ya sauke tifar yashi, ya ce gini zai fara. Bayan kwana uku Idi ya ce wa abokan aikinsa a yi watandar bijimin, kowa ya ɗauki kaso. Ranar yankan ya tsaya nesa, ya juya baya. Nasa kason ya raba biyu, rabi gida, rabi ya kai wa Dabora da damin yakuwa.

Ta ɗaga kitsen tana dubawa a rana. "Baba Idi, rawaya ne fa! Rabona da irin wannan tun kakata na da rai."

Albasa ta sa, da citta, da daddawa, ba ta jefa magi ba. Naman da tauri, sai ta rage wuta, ta bar shi yana dahuwa tun hantsi har azahar. Ƙamshi ya bi titi, ya danne warin jima.

Idi da abokan aikinsa suka zauna su tara a gindin maina. Dabora ta zuzzuba musu. Musbahu ya lumshe ido, ya ce shi wallahi dakan innarsa yake jiyowa. Idi bai taɓa tsoka ba tukuna, romon ya ɗaga ya kurɓa a hankali, ya daɗe da kwanon a hannu, idonsa ya cika.

"Gishiri ya yi, Baba?" Dabora ta tambaya.

"Ya yi, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Jiniyar komawa aiki ta buga, ba wanda ya motsa. Shugaban sashensu ya fito zai yi faɗa, Dabora ta miƙa masa kwano, shi ma ya nemi wuri ya zauna.

Bayan kaka, su ukun, Idi da Musbahu da Dabora, suka haɗa hannu suka sayo karsana biyu a kasuwar Wudil. Suna wajen wani manomi a Tamburawa mai son taki a gonarsa. Ranar Lahadi Idi kan je ya sake su bakin ruwa, ya zauna a kan tudu har la'asar.