Inna da Bakacen Alawar Roba

Inna ba ta dariya a hoto. A gida tana yi, har da tafa cinya, amma da an ɗaga waya sai ta tattara fuska ta zauna kamar wadda aka zo yi wa ta'aziyya. Da abin bai dame ni ba, ba don yayana da ke Kaduna ya mai da hotunan hujja ba. Duk wanda na tura masa sai ya kira ya ce in dubi yadda tsohuwa ta faɗa, in dubi idonta, shi dai ya riga ya share mata ɗaki, da an gama kaka zai zo ya ɗauke ta.

A lokacin shekararmu uku da baro ƙauyenmu na wajen Dogon Dawa, tun da zuwa gona ya koma sai mutanen daji sun yarda. Muka kama ɗaki biyu a cikin Birnin Gwari, ni ina koyarwa a firamare, ita tana zaune tana jiran a ce hanya ta yi kyau. Ta ce Kaduna ba da ita ba, daga nan ko ba komai hawan babur ɗaya ne zuwa gonarta. Na goya mata baya, ina ta yi wa yayana wa'azi a kan haƙƙin tsofaffi. Gaskiyar magana, tun da aurena ya mutu ita ce abokiyar hirata, kuma tsoro nake ji a bar ni ni kaɗai. Saboda haka na ƙudura sai na samo hoto ɗaya da take dariya a ciki, in rufe masa baki da shi.

Ana cikin haka 'yar tsohon hedimastanmu ta dawo daga birni da sabuwar sana'a. Mutanen kudancin Kaduna ne, amma tun ba a haife ni ba suke ƙasar nan. Ta share shagon da mahaifinta ke ajiye takin zamani a da, ta shafe shi da fenti ruwan hoda, ta sa masa suna da Turanci. Mutanen gari suka ce Gidan Alawa, sunan ya bi shi. Malaman makarantarmu mata duk sun je, kowacce ta dawo da hoto baki har kunne. Na ce to, ga inda za a yi ta.

Na ce wa Inna za mu je gaida 'yar Malam ne da sabon shago, don da na ce hoto da ba ta tashi ba. Ta yafa mayafin da take zuwa biki da shi, muka tafi da hantsi ranar Asabar.

A bakin ƙofa aka ba kowaccenmu alawar tsinke ɗaya, wadda daga baya na gane ita kaɗai ce abin ci a gidan gaba ɗaya. Inna ta ƙulle tata a bakin zane. Ɗakin farko akwai askirim da ya fi ƙofa tsawo, an yi shi da soso da kwali. Ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa yadda ake gwada tukunya a kasuwa, ta tambayi mai shagon ta ina ake fara ci. Aka ce ba a ci. Ta ce to me ake yi da shi? Aka ce hoto. Ta ce in an gama hoton fa? Mai shagon ta ce sai a shiga ɗaki na gaba. Inna ta ce to, Allah ya kawo kasuwa.

Ɗaki na gaba lilo ne, an yi mazauninsa kamar donat, cincin ɗin nan mai rami a tsakiya. Ta ce tana da jikoki, ba za ta hau ba. Kujerar da aka yi kamar yankan kek ta yarda ta zauna, a ɗan gefe, ta ɗora hannu a kan hannu. Mai shagon ta kawo mata cokalin roba mai tsawon taɓarya ta riƙe, ta riƙe shi kamar an ba ta ajiya. Na yi ta ɗauka, na yi barkwanci, na kwaikwayi muryar yayana, har na kusa rawa. Duk hotunan fuska ɗaya ce, bango ne kawai ke canjawa. Raina ya fara ɓaci.

Ɗakin ƙarshe shi ne abin da ke kawo mutane. An gina kwami mai faɗi, zurfinsa zuwa gwiwa, an cika shi da 'yan ƙwayoyin roba masu launi iri-iri, girman wake, kwaikwayon alawar da ake barbaɗa wa kek. 'Yan mata na faɗawa ciki suna watsa su sama, ana ɗaukarsu. Na cire takalmi na ce Inna ta zo ko ƙafa ta tsoma.

"Ba a taka abinci," in ji ta.

Na ce roba ce. Ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta yarda roba ce, amma ba ta matsa ba. A gidanmu in hatsi ya zube ba a sa masa tsintsiya, durƙusawa ake yi a tsince da hannu, kuma duk wanda ya ratsa shanya da ƙafa ya san sauran. Kafin in ankara ta durƙusa tana tsince waɗanda suka fallatsa waje. Da ta zo mayarwa sai ta tsaya tana duban cikin kwamin. Ta nutsa hannu har gwiwar hannu ta ɗebo na ƙasa. Ga yashi, ga ɓawon gyaɗa, ga gashin kanti, har da ɗan kunne ƙwaya ɗaya.

"Ke 'yar Malam, haka ake ajiye kaya? Kawo mini faifai."

Babu faifai a Gidan Alawa. Aka sauke wani kek na kwali daga kan tire aka miƙa mata tiren. Ta cire mayafin biki ta ɗaure ƙugu da shi, ta miƙe ƙafa a bakin kwamin ta fara bakace. Mai shagon ta dube ni, ni kuma na dubi silin. Yarinyar ba ta isa ta hana ba, don da masarar gonar Inna aka yaye ta, duk kaka sai an kai wa gidansu sabuwa. 'Yan matan suka fito ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe jiki, don ba mai tsalle cikin abin da babba ke gyarawa. Wasu mata biyu da suka rako 'ya'yansu, daga gani su ma gudun hijira ya kawo su gari, suka tsaya kallo, can sai ɗaya ta ce ai ba a bar mutum ɗaya da wannan aikin ba. Aka sauke ƙarin kek biyu.

Kusan awa guda kasuwa ta tsaya. Kunya ta ishe ni, na tsaya a lungu ina shirya irin haƙurin da zan bayar. Sai na ji Inna ta ɗauko waƙar aiki da yaren Gbagyi, wadda rabona da ji tun muna ƙauye, ɗaya matar ta amsa mata. Tiren na tashi yana sauka, tsabar na komawa gefe guda, dattin na taruwa a baki, tana fyaɗe shi da yatsa ba tare da ta duba ba. Matar ta faɗi wani abu a kan mazan da ba su iya ɗaurin dami ba, Inna ta kece da dariya har da jefa kai baya. Na ɗaga waya na ɗauka. Ya fito tas.

A hanyar gida har wani taku nake yi. Bayan la'asar na zauna kusa da ita a tabarma na nuna mata kafin in tura. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta daɗe tana kallo. Na zaci kyan da ta yi take dubawa. Sai ta ce yanzu haka ana yankan dawa. Na ce haka ne.

"Ana yankan dawa, ni ga ni ina bakacen roba." Ta miƙo mini wayar. "Kira yayanki, ki ce mishi ya zo."

Na ce Inna, ai daɗi kika ji, dubi fa yadda kike dariya. Ta ce shi ne ai. Ta ce da haushi ta ji, da ta san har yanzu gonarta take jira. Amma ta ji daɗi har cikin ranta, kuma in roba ta ishe ta, to ta gama jira ba ta sani ba, zaman me kuma take yi a nan? Na yi ta kawo dalilai, duk ta saurara. Dalili na gaskiya ne kawai na kasa faɗa, kuma ina jin ta san shi, don ta dafa gwiwata ta ce ai Kaduna ba lahira ba ce.

Ban tura hoton ba, kira na yi. Ya iso ranar Asabar ta gaba, ya biyo ayarin motocin da jami'an tsaro ke rakowa, ya ce ba zai kwana ba. Kayanta duka ba su cika but ɗin motar ba. Da ta shiga ta zauna, ya jawo ni gefe ya ce shekara uku yana fama bai iya ba, bai san me na gaya mata ba, amma ya gode, Allah ya yi mini albarka. Na ce ba komai.