Takardar Jini a Ƙarƙashin Ɗorawa

Tarihi ya yi wa masu ƙetare hamada adalci, amma har yau bai ce uffan ba a kan malamai biyu da suka bar Kano domin ƙudan zuma ya harbi ɗayansu.

Mun tashi da asuba, ni da abokin aikina malamin lissafi, muka nufi ƙauyensu a bayan Shanono. Gidansu gidan masu kiwon zuma a amya ne tun kaka da kakanni. Shekara huɗu da suka wuce ƙuda ɗaya ya harbe shi, maƙogwaronsa ya toshe, da ƙyar aka kai shi asibiti da numfashi. Tun ranar mahaifinsa ya hana shi kusantar bishiyoyin da amyoyin ke kai. A ƙasar da ya je ƙaro karatu, likitoci suka shekara uku suna yi masa allurar dafin, kaɗan-kaɗan, don jiki ya saba. Yanzu ya dawo da niyyar a mayar masa da matsayinsa na ɗan gida.

Daga Bichi muka karkata. Bas ɗin ta ɗauki mutum goma sha takwas da akuya mai ra'ayi. Gonaki manne da juna, an gama girbi, karan dawa a tsaye kamar ɗalibai a taron safe. Kusa da Watari muka sha kunu da ƙosai, albasa kuwa ta yi arahar da sai da na ji kunyar tayawa.

A hanya ya zaro takardar gwajin jininsa ya yi mini darasi. Akwai masu gadi iri biyu, in ji shi. IgE shi ne mai kururuwa, da ya ga dafi sai ya tayar da gari. IgG4 shi ne dattijon da ke tare baƙo a ƙofa ya sallame shi. Nasa mai kururuwar ya ragu, dattijon ya ƙaru. Sai dai likita ya gargaɗe shi cewa takarda ba ta rantsuwa, harbi ne kaɗai jarrabawa. Allurar gaggawa tana aljihuna, na yi bitar yadda ake soka ta sau uku.

Da muka isa, Baba, mahaifin nasa, ya riƙe takardar a juye ya saurari bayanin har ƙarshe.

"Wato harbin da nake sha a banza tun ina yaro, shi ka hau jirgi ka je nema?"

"Baba, nasu a aune yake."

"Nawa ma a aune yake. Allah ke aunawa."

Da la'asar dai ya yarda. Ana ɗora sabuwar amya a kan ɗorawa, an shafe ta da kashin shanu an turara, tsofaffin amyoyi na guna a sama. Abokina ya kama wa Baba igiya, ni na riƙe allura daga nesa mai mutunci. Can sai ya yi ƙara ya dafe idon sawu.

Babu wanda ya motsa. Baba ya saki igiya, leɓunansa na salati. Na duba agogo. Minti biyar, goma, ashirin. Inna, mahaifiyarsa, ta durƙusa ta duba ƙafar, ta shafa, ta miƙe. Wurin ya yi ja, shi ke nan.

"Malam, yana numfashi?" Baba ya tambaye ni.

"Har yana magana, Baba."

Tsohon ya juya mana baya ya daɗe yana gyaran hularsa. Sannan ya nuna sabuwar amyar ya ce, "Wannan taka ce."

Washegari muka kamo hanya da galan ɗin zuma da zabi biyu. Na dawo gida da darasin cewa jiki ma ɗalibi ne, abin da tsawa ba ta koya masa ba, maimaici yana koya masa, kuma ilimin asibiti da na gindin bishiya ajinsu ɗaya.

Sai dai tun kafin mu taso, a bakin mota, Inna ta ja ni gefe ta ce in ci gaba da riƙe allurar nan, kuma kada Baba ya ji. Ƙudan zuma yana barin ƙarinsa a fata, ita kuwa ba ta ga komai ba.

Cinnaka ne ya cije shi.