Tsohuwa Mai Kankare Tukwane

Tana zaune a bakin gaɓar tsibirin, ta ɗaura tawul a ka, bayanta ya tanƙware kamar lauje. Tukunyar ƙasa ce tsakanin gwiwoyinta, tana kankare ta da guntun ƙarfe, domin tako, kifin nan mai hannu takwas, ba ya shiga tukunya mai datti. Gefenta igiyar da ake jera tukwanen a nutsar da su cikin teku ce a naɗe, ƙarshenta a yanke tsaf, yankan wuƙa.

Na san wuƙar. Jiya da la'asar ƙugiyar jirgin ruwanmu mai tafiya da iska ta maƙale a wata igiya cikin ruwa, abokina Shunpei ya ce iska za ta wuce mu, ni kuma na miƙa masa wuƙa muna dariya. Wata biyu muna yawon bazara tsibiri zuwa tsibiri, ba mu taɓa tunanin abin da ke ƙarƙashinmu ba.

Kowace tukunya da jan rubutu a gindinta, duk ya koɗe. Ina jin sunan mijinta ne, ina jin kuma ya rasu, don ita kaɗai ke jan amalanken tukwanen.

Ta ɗago ta dube ni.

"Samari, ku ne masu farin jirgin nan? Ku kiyayi mashigar yamma, akwai igiyoyi. Jiya wani ya yanke min rabin tukwanena."

"Ayya, sannu Kaka," na ce.

Ta miƙo min dafaffen tako a leda. "Ungo, ci mana, duk ka rame."

Na karɓa da hannu biyu, har da hannun da ya miƙa wuƙar.